Daga Tirmini Zuwa Daura, Kano da Katsina: Yadda Muke Shirin Tafiya da Iyali

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, ginin da yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Hotunansa suka yi ta yawo a wayoyi, kowa yana salati yana cewa an yi asara. Daga nan Tirmini zuwa wurin bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba, amma da aka koma lakwal na tambayi ƴan ajina ko akwai wanda ya taɓa ganin masallacin yana tsaye, hannu biyu kawai na ga an ɗaga. Ba laifinsu ba ne. Yaron Tirmini yana shiga Damagaram ne in an kai shi asibiti, ko ɗinkin Sallah, ko rakiyar kaya zuwa kasuwar Dole. Ba mu saba kama hannun yaro mu ce masa zo mu je ka ga inda mutanen da suka yi sallah ba. Tun daga lokacin maganar tafiya da iyali ta shiga raina, kuma bana in Allah Ya yarda za mu yi ta. Labarin shirin zan ba ku, ko wani magidanci zai tsinci abin da zai yi masa amfani.

Ni malamin firamare ne. A makarantar horon malamai ta Damagaram na yi karatu, kuma na haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Aji shida nake koyarwa, wanda muke kira CM2. Na san yadda darasin tarihi yake shiga kan yaro: ya haddace suna da shekara da Faransanci, ya zuba su a takardar jarrabawa, kafin a girbe gero ya manta. Zai gaya maka Sarki Tanimun ya gina garun Birni, amma bai san kaurin garu ba, bai taɓa dafa shi da hannunsa ba. Ƴaƴana uku ma cikin wannan ruwa suke iyo, kasancewar ubansu mushe ne ba ta fitar da su ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, sun kuma ce tafiya mabuɗin ilimi. Mu malamai mun fi kowa rubuta waɗannan karin magana a allo.

A ƙasar Sifaniya, wadda malaman zaure suka fi sani da Andalus, magidanci kan ɗauki iyalinsa a mota lokacin hutu su bi tsofaffin garuruwa ɗaya bayan ɗaya: Toledo, Ƙurɗuba mai babban masallacin nan da aka fara ginawa a ƙarni na 8, Ishbiliya, sai Garnaɗa da fadar Alhamra. Musulmi sun yi mulki a ƙasar daga 711 har 1492. To, a shekarar da Garnaɗa ta faɗi, Muhammadu Rumfa yana kan gadon sarautar Kano, kasuwar Kurmi tana ci. Garuruwanmu ke nan ba yara ba ne a gaban nasu. Inda muka bambanta shi ne nasu gini na dutse ne da jan bulo, kuma ana kashe masa kuɗi kullum, namu kuwa na ƙasa ne. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, shekarar da aka daina yaɓe shi, damina ta fara cin rabonta. Mutumin Sifaniya yana iya cewa sai yara sun girma zai kai su. Ni in na ce haka, ban san me zan tarar ba.

Mu bakwai ne za mu tafi: ni da uwargida, yara uku, Inna, sai ƙanena wanda shi ne mai motar kuma shi ne direba. Motar tsohuwa ce, mai kujeru layi uku, amma ya san ciwonta ya san maganinta. Ranar da na shimfiɗa taswira a tabarma bayan sallar isha'i na fara bayani, sai na ga kowa da tasa taswirar a kai. Babban yaron, mai shekara 15, Kano kawai yake son gani, don abokansa sun cika masa kunne da labarin gadoji da kasuwar waya. Yarinyar, mai shekara 12, rijiyar Kusugu take tambaya, wai ko macijin ya bar ƴaƴa. Ɗan autan ba ruwansa, in dai za a shiga mota. Uwargida ta ce ita ba za ta je Kano ta dawo ba ta leƙa Kantin Kwari ba, ga bikin ƙanwarta yana tafe. Inna ta bari kowa ya gama, sannan ta ce, “Malam, ni ban san wata ganuwa ba. Ka kai ni in ga ƴar'uwata, in ya so ku je ku yi ta kallon ƙasa.” Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

Ƙanwar Inna, wadda muke kira Iya, a wani ƙauye kusa da Daura aka yi mata aure tun ban yi wayo ba. Da can kowace shekara ɗaya tana zuwa wurin ɗaya. Sai aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, ga annobar korona a tsakani. Aka sake rufewa a 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kafin hanya ta daidaita, ƙafafun Inna sun daina ɗaukar hawa da saukar motar haya. Suna gaisawa ta waya, amma duk wanda ya ga tsofaffi biyu suna ihu cikin waya, kowace tana cewa ba na jin ki, ya san wannan ba gaisuwa ba ce. Zumunta a ƙafa take. Inna ta haura saba'in, Iya tana bin ta a baya kaɗan. Wannan ne ya sa tafiyar ta tashi daga abin da za a yi wata rana ta koma abin da za a yi bana.

Sai maganar lokaci. Babban hutunmu na lakwal yana faɗowa ne cikin damina, daga Yuli zuwa Satumba, kuma malamin ƙauye a lokacin manomi ne. Ba wanda zai bar gero da wake a hannun ciyawa ya tafi kallon gari. Lokacin Sallah yana da daɗi, ga hawan ƙaho a Damagaram, ga hawan Daushe a Kano, amma hanya cike take, komai ya yi tsada, kuma gidan da za ka sauka yana da baƙinsa. Saboda haka muka tsayar da hutun ƙarshen Disamba. An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, wake ya fara kuɗi, rana ba ta da zafi. Abin lura kawai hazo da sanyin asuba, don haka bargon Inna da man shafawar yara suna cikin abin da aka fara rubutawa. Kwana takwas muka yanka, don a dawo a huta kafin a koma aji.

Ranar farko ba mota za mu fara shiga ba, da ƙafa za mu fara, a nan Tirmini. Yara da yawa a garin nan ba su san cewa sunan garinsu yana cikin littattafan tarihi har a Faransa ba. A watan Mayu na 1898 aka kashe wani kyaftin na Faransa mai suna Kazamaju a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara guda bayan haka rundunar Bule da Shanwan ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarna a Lugu garin Sarauniya Mangu, ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni. A tsakiyar Yuli na 1899 shugabannin biyu suka mutu a hannun sojojinsu a wajen Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. Sauran rundunar ta ci gaba, kuma a ƙarshen watan nan na Yuli Sarki Amadu ya fito da mayaƙansa ya tare ta a nan Tirmini. Bindigogin Nasara suka fi ƙarfi, Damagaram ta faɗi, sarki ya fita daga gari, aka kashe shi cikin Satumba. Na riga na roƙi wani dattijo a unguwarmu, wanda ya ji labarin daga bakin kakansa, ya fita da mu bayan gari ya gaya wa yaran yadda shi ya ji. Ni zan yi shiru ranar. Abin da littafi ya ce suna iya samu a wurina kowane dare, abin da ke bakin dattijon nan kuwa ba a rubuta shi ko'ina ba.

Daga nan sai Damagaram, mu wuni a Birni. Za mu fara da ƙofar fada mu yi gaisuwa, yara su ga dogarai da zanen bango irin na magina Hausawa, sannan mu bi lunguna tsakanin manyan duwatsun nan mu nemi inda garu ya saura. A nan zan ba su labarin Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi dogon mulki har 1884, ya kewaye gari da garu, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, ayarin Ghat da Tarabulus suna sauka a Zango. Zan gaya musu cewa Baturen Jamus ɗin nan Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852, kuma garin ne babban birnin Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Za mu tsaya a inda masallacin ya faɗi. Ina da littafin marigayi André Salifou kan tarihin Damagaram, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa yanzu, kuma babban yaron ne zai riƙe shi ya riƙa duba mana in gardama ta tashi. Za mu kwana gidan ƙanena.

Rana ta biyu Mirya, kilomita 18 gabas da Damagaram, garin da ya girmi sarautar Damagaram kanta, mai lambuna da manyan kukoki da mata masu ginin tukwane. Uwargida tana son tulu, ni kuma ina son yarinyar ta zauna ta ga yadda yumɓu yake zama tulu a hannun mace. Da yamma mu dawo gida Tirmini mu kwana, tunda hanyar gobe ta nan ta bi. Agadas ta daɗe a kan takardata kafin in soke ta. Ina son su ga hasumiyar nan mai tsawon mita 27, a garin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Amma kusan kilomita 450 ne ta Tanut, hanyar ba ta tsohuwa ba ce, ba ta tsohuwar mota ba ce kuma. Aka bar ta sai wani jiƙon.

Rana ta uku za mu kama hanya da sassafe: Takeita, mu karya kudu, Kance, Matamaye, Ɗan Barto, mu ƙetara Kwangwalam, sai Daura. Tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba, amma a cikinta akwai darasin da na fi so su ɗauka. Ina so su buɗe ido su duba ko akwai abin da ya sake da muka ƙetara. Gero ɗaya, rumbu ɗaya, gawo ɗaya a gona, harshe ɗaya, gaisuwa ɗaya. Abin da ya sake tuta ce, da kakin ma'aikata, da kuɗi, da yaren da aka rubuta a allon lakwal. Layin nan Faransa da Ingila ne suka ja shi a takarda, suka yi ta gyara shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka turo su Kyaftin Tilho suka bi daji suna kafa alamu. Kakar Inna an haife ta ba layin. Ba ina so in koya musu raina iyaka ba ne, ƙasa ƙasa ce, doka doka ce, kuma su ƴan Nijar ne masu alfahari da haka. So nake su san cewa wanda ke wancan gefen ɗan'uwa ne tun kafin a zo da tawada.

Iyaka kuwa ba ta san zumunci ba, takarda ta sani. Wannan ɓangaren shirin shi ya fi cin lokaci. Manya kowa da katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, na Inna ma sai da aka sabunta. Yara kowa da takardar haihuwa, na kuma yi wa kowace kwafi biyu. Katin rigakafin shawara na kowa yana cikin leda guda. Ƙanena yana haɗa takardun mota da inshora, kuma zai je ya tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum abin da ake nema a wannan watan, don tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025 ba a rasa sabon bayani. Shingayen hanya kuwa kowa ya san halinsu, ba sai na faɗa ba. Shawarar da na ba kaina ita ce takarda cikakkiya, fuska a sake, baki gajere. Sefa za mu canza kaɗan kaɗan, ba gaba ɗaya ba, tunda naira ba ta kwana inda ta wuni.

A Daura za mu fara sauke Inna gidan Iya, mu kwana biyu. Ba a kai tsohuwa gidan ƴar'uwarta a ajiye kamar kaya a juya. Za a yi gaisuwa gida gida, a yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu cikin shekarun nan, yara su san ƴan'uwansu da ba su taɓa gani ba. A rana ta biyu mu shiga gari mu ga rijiyar Kusugu da fadar sarki. Zan ba su labarin Bayajida da Sarauniya Daurama da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da Bawo da Hausa bakwai, in kuma gaya musu cewa labarin gargajiya ne, malaman tarihi suna da maganganu a kansa. Akwai kuma abin da ya haɗa Daura da mu kai tsaye. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Daura sun bar gari sun zauna a wurare irin su Zango da Ɓaure, a inuwar Damagaram, har 1906 da Ingilishi suka mayar da gidan kan sarautar Daura. Auren Iya a can ke nan ba sabon abu ba ne, tsohuwar hanya aka bi.

Inda muka fi daɗewa muna ja shi ne hanyar dawowa. A taswira abin gwanin kyau: daga Kano a je Katsina, a fita ta Jibiya da Ɗan Isa a shiga Maraɗi, garin da Katsinawan da suka ƙi bin jihadi suka kafa, a biyo ta Tasawa da Maijirgi a dawo gida. Da'ira cikakkiya, ba a maimaita hanya. Uwargida ta saurara har na gama, ta ce, “Malam, da ƴaƴan wa za ka bi Jibiya?” Na ce da rana za mu bi, kuma motoci suna bi kullum. Ta ce, “Masu bi kullum abinci suke nema. Mu me muke nema?” Ƙanena ya ce, “Yaya, gaskiyarta. Wata rana lafiya, wata rana sai addu'a.” Duk mai sauraron rediyo ya san abin da ƴan bindiga suka yi wa yankin nan cikin shekarun nan. Muka tsaya a kan cewa daga Katsina za mu juyo ta Mashi mu koma Daura, mu fita ta inda muka shiga. Maraɗi da Tasawa suna cikin gida, ana iya zuwa wani hutun ba tare da an ƙetara ko'ina ba. Da Inna ta ji haka sai ta ce to ai shi ke nan, a bar ta wurin Iya, in mun gama yawonmu mu biyo mu ɗauke ta. Kwana biyun da aka yanka mata ya zama biyar. Ita ce ta fi kowa cin ribar gardamar. Mun kuma yi ƙa'ida: ba tafiyar dare, ba tafiyar asuba a hanyar da ba mu sani ba, kuma kafin kowace tashi sai an tambayi mutanen tasha.

Kano kwana biyu, a gidan wani ɗan ƙanen mahaifinmu da ke Fagge. Da safe mu hau Dala, don daga can ne yaro zai gane girman abin da ake kira birni, ya ga inda ganuwa ta bi, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu. Daga nan Gidan Makama, inda aka tara kayan tarihi, sai ƙofar Gidan Rumfa, sai marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita suke cewa tun 1498 ake rini a cikinta. A Kurmi zan nuna musu cewa baƙin rawanin da Buzaye suke naɗawa a Zangon Damagaram daga ƙasar Kano yake fitowa tun kaka da kakanni, kuma gyaɗar da kakanninsu suka noma ta nan take bi ta hau jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Rana ta biyu ta uwargida ce da Kantin Kwari, babban yaron kuma ƙanena zai zaga da shi ya ga gadojinsa. Na yarda da wannan rabon da zuciya ɗaya. In aka cika wa yaro ciki da ganuwa safe da yamma, zai dawo gida ya tsani tarihi.

Katsina kwana ɗaya. Hasumiyar Gobarau ce kan gaba, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, shaida cewa ƙasa tana daɗewa in an kula da ita. Za mu ziyarci inda waliyyan gari, Ɗan Marina da Ɗan Masani, suke kwance. Akwai kuma wuri guda da na sa don kaina: tsohuwar kwalejin horon malamai ta Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ce. Ina so ƴaƴana su ga cewa waɗanda suka riƙe wata babbar ƙasa da alli suka fara, kamar ubansu.

Akwai tambayar da nake ta juyawa tun da aka fara shirin nan, wato me zan faɗa, me zan bari. Tarihin Damagaram ba garu da igwa kaɗai ba ne. Dukiyar birnin nan akwai bayi a cikinta, mutane ne aka kamo daga garuruwansu aka sayar, wasu aka ƙetara da su hamada. Sarki Amadu da ya tsaya wa Nasara a Tirmini shi ne kuma ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, kuma in ka zauna da tsofaffin wasu ƙauyukan can, ba da sunan jarumi suke tuna Damagarawa ba. Na yanke cewa manyan biyu za su ji duka. Sun isa. Gara su ji daga bakina muna tsaye a wurin, da su ji daga bakin wani a Facebook yana zagi. Yaron da aka gaya wa alherin kakanninsa kawai, ranar da ya ji sauran zai ɗauka duk ƙarya aka yi masa.

Sai kuɗi, wanda shi ne sarkin tafiya. A lissafina za mu ci kusan kilomita 800 har da zirga-zirgar cikin gari. Da aka rage kuɗin mai a Yulin 2024 lita ta koma sefa 499, wato dala ɗari ba tamma guda, don haka na ware jaka 50 na mai. Jaka 30 na gyaran mota kafin a tashi, taya da birki da mai na inji. Jaka 40 na tsaraba, don ba a shiga gidan dangi hannu rabbana: alkakin Damagaram, kilishi, cuku, dabino, da turmin zane na Iya. Jaka 40 na abinci da shiga wurare da ɗan abin da za a ba masu yi mana bayani. Jaka 40 kuma a ɗaure a lalita, ba a taɓa su sai in wani abu ya faru. Jimla jaka 200. Kwasar adashinmu na malamai ta faɗo kaina a Nuwamba, zan kuma sayar da buhun wake biyu. Geron rumbu ba a taɓa shi, wannan sharaɗin uwargida ne tun ranar farko. Sayayyarta ta Kantin Kwari kuwa daga kuɗin awakinta ne, ba ta shiga lissafina.

Wani abokin aikina da ya ji adadin ya riƙe baki. Ya ce, “Mushe, jaka ɗari biyu? Ai ɗan maraƙi ne wannan. Ka ɗaure shi, baɗi war haka ya ninka.” Maganarsa ba ta banza ba ce, malamin firamare ba shi da kuɗin wasa, kuma shekara ba ta faɗa maka da wace fuska za ta zo. Na auna ta sosai. Abin da na gani shi ne maraƙi yana nan kowace ranar kasuwa, baɗi ma akwai shi. Babban yarona kuwa saura shekara biyu ko uku ya tafi inda karatu ya kai shi, ba zai sake zama a bayan mota kusa da kakarsa tana ce masa angona ba. Dattijon da zai nuna mana filin yaƙi ba yaro ba ne. Inna da Iya ma haka. Na gaya masa in Allah Ya ba mu rai, maraƙin na baɗi tare za mu je mu zaɓa.

Yaran kowa na ba shi aiki, don kada tafiyar ta zama ta cin ƙosai da barci. Babban zai riƙe littafin lissafi: kilomita nawa, lita nawa, nawa aka kashe, sefa nawa ta zama naira nawa. Yarinyar za ta riƙe littafin tambaya, duk garin da muka sauka ta nemi tsoho ko tsohuwa ta tambayi sunan garin daga ina ya samo asali, ta rubuta da Hausa yadda aka faɗa mata, ba da Faransanci ba. Ɗan autan zai ƙirga ƙofofin gari da muka shiga ta cikinsu. In mun dawo, littafin yarinyar zan kai aji mu karanta tare da ƴan CM2, su ma su sami rabonsu. Uwargida ta riga ta fara lissafin guzuri, dambun nama da ƙuli-ƙuli da gumba da jarka biyu ta ruwa, da maganin hawan jinin Inna na wata guda ko da kwana takwas za a yi.

Ga ƴan'uwana malamai da sauran magidanta, ba sai kowa ya tara jaka 200 ba. Wanda yake Gure ko Magarya ko Tanut, akwai tsohon gari kusa da shi da kuɗin mota zuwa da dawowa bai fi na cefanen kwana biyu ba. Akwai kufai a bayan gari, akwai tsohuwar rijiya, akwai tsoho a zaure wanda ba wanda ya tambaye shi komai shekara goma. A fara da wannan. Wanda kuma ya bi hanyar Matamaye zuwa Daura ko ta Katsina zuwa Mashi kwanan nan, ina neman shawararsa kafin Disamba. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya sa Inna ta ga ƴar'uwarta da idonta.